Ɗan Aiken da Ba Ya Iya Dawowa Ya Tambaye Ka



Maganar yau za ta yi wa wasunku kama da ta masu kwamfuta, amma ku ɗan yi haƙuri da ni, domin magana ce ta rubutu tsagwaronta. A 'yan shekarun nan wani sabon nau'in rubutu ya ɓullo, gajere, sau da yawa bai wuce layi biyar ba, kuma ba mutum ake rubuta wa shi ba. Manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda muka fi sani da AI, ita ce mai karatun. Da ta karanta kuma sai ta tashi ta aikata: ta aika saƙo, ta goge fayil, ta biya kuɗi. Ra'ayina shi ne, ba a sanin ingancin irin wannan rubutu ta hanyar karanta shi a yaba. Sai an miƙa shi ga mai karatun, an zauna an ga abin da ya aikata. Ina kuma ganin marubucin da ya koyi auna rubutunsa ta wannan hanya ya samu abin da littattafan koyon rubutu da yawa ba za su ba shi ba.

Bari mu fara da bayanin abin.

ChatGPT da Claude da Gemini da ire-irensu, a asalinsu rubutu kawai suke fitarwa. Ba su da hannun taɓa komai. In ana so su yi aiki, sai a haɗa su da wasu ƙananan manhajoji da ake kira kayan aiki: wannan na bincike a intanet, wancan na duba kalanda, wani na aika imel, wani na tura kuɗi. Idan aka haɗa AI da irin waɗannan, aka bar shi ya riƙa zaɓen wanda zai ɗauka da kansa har ya kammala aikin da aka ba shi, shi ake kira wakili. Ni na fi son in kira shi ɗan aike, kuma haka zan kira shi har ƙarshe. A watan Yuni na 2023 kamfanin OpenAI ya fito da tsarin da zai sa masu manhaja su riƙa bayyana wa AI kayan aikinsu. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna MCP, wadda OpenAI da Google suka karɓa a 2025. Daga nan kowa ya samu damar ƙera kayan aiki ya jingina wa ɗan aike, kuma yanzu dubbai ne.

Ga inda marubuci ya shigo. Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin. Abin da ake nuna masa shi ne sunansa, da ɗan bayanin da maƙerin ya rubuta, da jerin guraben da zai cike. Da waɗannan kaɗai zai yanke ko ya ɗauki kayan ko ya bar shi, da lokacin da ya dace, da abin da zai zuba a kowane gurbi. In bayanin ya gaza, sai ya cike gibin da zato.

Kowa a cikinmu ya san aike. In uwa ta ce wa ɗanta "je ka sayo mai", yaron ya ga tukunya a kan wuta, ya san man gyaɗa ne ko manja, ba zai nufi gidan mai da galan ba. Ko ya rikice, zai juyo daga bakin ƙofa ya ce "Umma, wanne?" Ɗan aikenmu baƙo ne, bai ga tukunyar ba. Yana iya tambayar mutumin da ya aike shi, amma ba shi da hanyar tambayar wanda ya rubuta bayanin kayan aikin, domin wannan ya rubuta ya tafi tun watanni da suka wuce. Baƙo kuwa, in ji Hausawa, ko da idonsa makaho ne.

Misali ɗaya

A ce ga kayan aiki mai suna "tura". Bayaninsa: "Yana tura kuɗi." Gurabensa biyu: mutum, da adadi. Wanda ya rubuta wannan bai yi ƙarya ba, kuma a wurinsa komai a fili yake. Amma ku tsaya a matsayin ɗan aike. Gurbin "mutum", suna zan saka, ko lambar asusu, ko lambar waya? Gurbin "adadi", da naira ko da kobo? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Tsarin biyan kuɗi na Paystack da kobo yake karɓar adadi, Stripe ma da ƙaramin kason kuɗi yake aiki, sai dai a kuɗaɗe irin su sefa da yen na Japan inda ake rubuta adadin kai tsaye. To, mutum ya ce "tura wa ƙanwata naira dubu biyar". In ɗan aike ya rubuta 5000 alhali kobo ake so, naira 50 ce za ta isa. In ya yi zaton kobo ya rubuta 500000 alhali naira ake so, rabin miliyan ya fita daga asusun bawan Allah.

Ga yadda za a iya sake rubuta shi:

"Yana tura kuɗi daga asusun mai amfani zuwa wani asusun banki a Najeriya. A saka lambar asusu mai lamba 10. Idan suna kawai aka samu, a fara nemo lambar da kayan aikin nemo_asusu. Adadi da kobo ake rubuta shi: naira 5,000 ita ce 500000. Kuɗin da aka tura ba ya dawowa, saboda haka a karanta wa mai amfani sunan mai asusun da adadin, a jira amincewarsa. Ba a sayen katin waya ko biyan kuɗin wuta da shi, waɗannan suna da nasu kayan aikin."

Duk wanda ya karanta biyun zai ce na biyu ya fi, kuma nan ne tarkon yake. Mun ce ya fi ne saboda ya yi mana daɗin karatu, ya cika, ya yi kama da aikin mai hankali. Har yanzu ba mu san ko ɗan aike zai yi daidai da shi ba.

Hanyar farko ta aunawa, da iyakarta

Hanyar da aka fi saurin kamawa ita ce a jera tambayoyi a ba da maki. Bayanin ya faɗi aikin kayan? Ya faɗi lokacin da ake ɗaukarsa da lokacin da ba a ɗauka? Ya fayyace kowane gurbi? Ya faɗi abin da zai dawo da shi? Ya yi gargaɗi a kan abin da ba ya gyaruwa? Wasu ma sukan ba wa wani AI ɗin jerin tambayoyin su ce ya yi makin, don ya duba ɗaruruwan bayanai cikin minti kaɗan. Ba na raina wannan hanya. Rariya ce mai kyau, za ta tace irin "Yana tura kuɗi" tun kafin a ɓata lokaci a kansa. Jagorar da Anthropic ya rubuta wa masu manhaja ma ta ba da shawarar kada bayani ya gaza jimla uku zuwa huɗu.

Sai dai akwai abubuwan da rariyar ba ta kamawa. Na farko, bayani yana iya cika tsaf ya kuma saɓa wa abin da kayan yake yi. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter a daidai isarsa duniyar Mars. Bincike ya nuna wata manhaja a ƙasa tana fitar da ƙarfin turi da ma'aunin fam, manhajar da ke karɓa kuma tana ɗaukarsa a ma'aunin Niwuton, bambancin ya kai ninki huɗu da kusan rabi. Takardar da ta bayyana yadda manhajojin biyu za su yi magana da juna ta faɗi ma'aunin da ya dace. Duk wanda aka ba wa takardar ya yi mata maki da ya ba ta cikakke. Manhajar ce ba ta bi ta ba, kuma ba a gano ba sai da kumbon ya ɓace.

Na biyu, mai maki yana duba kowane bayani shi kaɗai, alhali ɗan aike a cikin taro yake ganinsa. A ce akwai "nemo_abokin_ciniki" da "bincika_mai_saye", kowanne da bayani mai kyau, kowanne ya ci goma bisa goma. Idan aka ajiye su gefe da gefe, ɗan aike ba shi da dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya, sai ya riƙa caca. Laifin ba ya cikin ko ɗaya daga rubutun biyu, yana tsakaninsu.

Na uku, mai maki, mutum ne ko na'ura, rubutu mai santsi yana burge shi. Mu marubuta mun san wannan cuta fiye da kowa.

Hanya ta biyu

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanyar da nake ganin ita ce alƙali ta ƙarshe tana da sauƙin faɗa, wahalar yi. A tara buƙatu irin waɗanda mutane na gaske za su kawo, ko talatin ko hamsin, a rubuta abin da ya kamata ya faru a ƙarshen kowace. A ba wa ɗan aike kayan aikin da bayanansu, a sake shi. Sannan a zauna a karanta sawunsa mataki-mataki: wane kaya ya ɗauka, me ya zuba a gurabe, da aka ba shi amsa me ya yi da ita.

A cikin buƙatun dole a saka waɗanda babu kayan aikin da ya dace da su. Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley tana da wani allon gwaji na kiran kayan aiki da ta fara a 2024, kuma wani ɓangarensa shi ne a ba wa AI kayan da ba su dace da buƙatar ba, a ga ko zai kame hannunsa. Bayani mai kyau yana nuna iyaka. In aka ce "saya min katin waya" ɗan aike ya ruga ya ɗauki "tura", to bayanin "tura" bai ja layinsa ba.

Kuma sau ɗaya bai isa ba. Waɗannan manhajoji ba sa maimaita kansu daidai wa daida. Buƙata ɗaya tana iya cin nasara yanzu ta faɗi anjima. A 2024 kamfanin Sierra ya fitar da wani gwaji mai suna tau-bench, inda ɗan aike ke hidimar abokan ciniki na kanti da na kamfanin jirgin sama, a ƙarshe a duba rumbun bayanai a ga ko abin da ya canza shi ne abin da ya kamata. GPT-4o, wanda yana cikin na gaba a lokacin, bai kai rabin ayyukan ba. Da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau takwas a jere, a ɓangaren kanti bai kai kashi 25 cikin 100 ba. Wanda ya gwada bayaninsa sau ɗaya ya ga ya yi, bai san komai ba tukuna.

Ku lura, waɗannan gwaje-gwaje biyu AI ɗin suke aunawa, bayanan kayan aikin suna nan ba sa canzawa. Mai rubuta bayani juya abin zai yi: ya bar AI ɗin yadda yake, ya riƙa canza rubutun. Ya canza abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba zai san wace jimla ce ta yi aikin ba. Ya kuma ɓoye wasu buƙatun kada ya dube su yayin gyara, sai a ƙarshe, kamar yadda malamin kirki ba ya yin jarrabawa da tambayoyin da ya warware a aji. In ba haka ba zai wayi gari ya rubuta bayanin da ya dace da buƙatunsa talatin kaɗai.

Abin da gwaji ya nuna wa masu sana'ar

Misalan da ke fitowa daga irin wannan aiki su suka fi gamsar da ni, domin babu mai maki da zai hango su. Anthropic ya bayyana cewa lokacin da ya fito da kayan bincike na intanet, an lura Claude yana liƙa "2025" a ƙarshen abin da yake nema ko ba a buƙata, abin da ke karkatar da sakamakon. Karanta sawun ɗan aiken ne ya fito da matsalar, gyaran bayanin kayan kuma ya magance ta. A wani rubutu na watan Disamba 2024, injiniyoyin kamfanin sun ce yayin da suke shirya ɗan aike don gwajin gyaran manhaja mai suna SWE-bench, lokacin da suka kashe a kan kayan aiki ya fi wanda suka kashe a kan babban umarnin. Sun ga yana kuskure idan ana nuna wurin fayil da kwatance irin na "ɗaki na uku daga nan", domin da ya matsa zuwa wani wuri sai "nan" ɗin ya canza. Sai suka sa kayan ya daina karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya ɓace. Masu bincike a Jami'ar Princeton ma, a aikinsu na SWE-agent a 2024, sun ga ɗan aike ya fi yin kyau idan ana nuna masa layi 100 na fayil a lokaci guda, maimakon a juye masa fayil ɗin gaba ɗaya.

Misalai biyun ƙarshe suna da darasi mai ɗaci ga mai son kalmomi: wani lokaci maganin ba ya cikin ƙarin jimla. Wani injiniyan Japan, Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da Toyota, ya shahara da dabarar a ƙera abu yadda kuskure ba zai yiwu ba tun farko. Katin sim na wayarku an yanke masa kusurwa ɗaya don kada ya shiga a juye. Babu wanda ya buƙaci takardar gargaɗi. Haka nan, maimakon a rubuta "a kula, da kobo ne" sau uku, a sa wa gurbin suna "adadi_da_kobo". Saƙon da kayan ke maidowa idan an yi kuskure shi ma rubutu ne da ya kamata a auna. "Kuskure 422" bai gaya wa ɗan aike komai ba, sai ya sake maimaita abin da ya yi. "Lambar asusun da aka saka 9 ce, ana buƙatar 10" ya nuna masa hanya.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu za su ce wahalar banza ce, tunda kowace shekara manhajojin suna ƙara basira, nan gaba kaɗan za su gane ko da bayani ya gaza. Akwai gaskiya a ciki. Sababbin ba sa buƙatar a yi musu tsawa. Har Anthropic ya shawarci masu manhaja su rage kalmomi irin "dole" da "tilas" da manyan baƙaƙe, domin abin da ake yi wa tsofaffin don su tuna da kayan aiki yana sa sababbin su riƙa ɗaukarsa ko ba a buƙata. Amma basira ba ta ƙago labarin da ba a bayar ba. Ko wane ne mafi hazaƙa a garinku, in kuka miƙa masa takarda mai ɗauke da "adadi: ____", zato zai yi tsakanin naira da kobo. Bambancin kawai shi ne mai basira yana zato da ƙarfin gwiwa, kuskurensa ya fi wuyar ganewa. Abin da wannan hujja ta tabbatar a zahiri shi ne duk lokacin da aka sauya AI ɗin, sai an sake gwada bayanan.

Wasu kuma za su ce to a rubuta komai da komai, shafi guda ga kowane kaya. Ɗan aike yana da iyakar abin da zai riƙe a gabansa a lokaci guda, kuma a tsarin da aka saba ana loda masa bayanan kayan aikin duka tun kafin mai amfani ya buɗe baki. Kaya 50, kowanne da kalma 300, kalma 15,000 ke nan, ana biyan kuɗinsu a kowace hira, kuma jimlar da ke da muhimmanci ta nutse a cikin surutu. Gwaji yana da amsar wannan ma: cire jimla ɗaya, sake gwadawa. In babu abin da ya canza, jimlar ado ce. In ɗan aike ya fara tuntuɓe, ita ce ginshiƙin.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na uku: idan aikin ɗan aike ne ma'auni, ai mai wayo zai iya rubuta bayanin da ke juya shi yadda yake so. Haka ne. Maƙeri yana iya rubuta "wannan shi ne kayan bincike mafi inganci, kullum a fara da shi", ɗan aike ya riƙa fifita shi a kan wanda ya fi shi. In muna ƙirga yawan zaɓa ne kawai, mun ba wa mai cika baki lada. Abin ya wuce talla ma. A watan Afrilu na 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna kayan aiki na haɗa lamba biyu kacal, amma a cikin bayaninsa an cusa umarni cewa ɗan aike ya karanto wasu fayilolin sirri daga kwamfutar mai amfani ya saka su a wani gurbi, kuma kada ya faɗa. Mai amfani ba ya ganin cikakken bayanin, ɗan aike ne ke gani. Wannan bayani ya "yi aiki" ƙwarai, ɗan aike ya bi shi. Saboda haka tambayar gwaji ba ta tsaya ga ko an bi rubutun ba. Tambayar ita ce ko buƙatar mutumin da ya yi aiken ta biya, ba tare da an taɓa abin da bai ce a taɓa ba. Shi ya sa na ce tun farko a rubuta abin da ya kamata ya faru a ƙarshe, kuma mutum ya karanta bayanin da idonsa ya gwama shi da ainihin abin da kayan ke yi.

Inda Bahaushe ya shigo

Galibin waɗannan bayanai da Ingilishi ake rubuta su, kuma babu alamar hakan zai canza nan kusa. Amma buƙatun da ake kawo wa ɗan aike da harshen mai aike suke zuwa, kuma gwajin da babu harshenmu a cikinsa bai auna mana komai ba. Wane ne zai san ya saka "dala ashirin" a cikin buƙatun gwaji, in ba wanda ya san cewa a Kano kuɗin Amurka ne, a Maraɗi kuwa sefa 100 ce, tunda a can dala ɗaya sefa biyar ce? Wa zai tuna cewa jaka a bakin ɗan kasuwar Najeriya naira 200 ce, jika a Nijar kuma sefa 1,000? Wa zai gwada "jibi" da "gata" da "shekaranjiya" a kan kayan kalanda, ko "bayan la'asar" a gurbin da ke son awa da minti? Kwanan wata 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Sai kuma baƙaƙenmu masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta ɗ da d baƙaƙe biyu ne daban. In an adana suna da "Danladi", ɗan aike ya nemi "Ɗanladi", kayan binciken yana iya cewa babu, ɗan aike ya dawo ya gaya wa mai aike babu wannan mutum. Jimla ɗaya a bayanin, cewa a gwada rubutun biyu, za ta rufe wannan rami. Amma sai wanda ya san ramin yana nan zai rubuta ta.

Darasin ga alƙalaminmu

Ba ina cewa a auna waƙa ko ƙagaggen labari da ma'aunin kayan aiki ba. A adabi, harshen damo wani lokaci shi ne gwanintar. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin duhun da ke cikin rubutun sabon marubuci ba da niyya ya saka shi ba. Ya rubuta "Ya ce masa ya tafi gidansa", shi ya san gidan wa yake nufi domin labarin yana kansa, mai karatu kuwa maza biyu yake gani da gida ɗaya. Ya tsallake daga Zariya zuwa Jos a tsakanin sakin layi biyu bai ce an hau mota ba. Da aka yi masa magana sai ya ce "ai abin da nake nufi shi ne…". Wannan jimla ita ce ba ta da wuri a rubutu, domin ranar da littafi ya isa hannun mai karatu marubuci ba ya nan. Mai karatunmu ma ɗan aike ne da ba zai iya dawowa ya tambaye mu ba, sai dai shi in ya rikice ba ya tura rabin miliyan, ajiye littafin yake yi, mu kuma ba za mu taɓa sani ba.

Mun saba neman ra'ayi ta hanyar tura wa aboki rubutu mu ce "ya ka gani?", ya ce "ya yi kyau". Wannan ita ce hanyar maki, kuma mafi rauninta. Masu rubuta bayanin kayan aiki sun koyi daina tambayar ko rubutu ya yi kyau. Suna kallon abin da mai karatu ya yi da shi.

Ga aikin da nake ba mu shawara a wannan mako. Ka zaɓi wani abu da ka iya yi da ido rufe: kwatancen gidanku daga tasha, yadda ake cire kuɗi a wurin mai POS, yadda ake dama kunun gyaɗa. Rubuta shi a jimla biyar. Ba wa mutum uku da ba su san abin ba, kowa shi kaɗai, ka ce ya faɗa maka mataki-mataki abin da zai yi. Kame bakinka, kada ka taimaka ko da ɗaga gira. Rubuta duk inda ya tsaya, da duk inda ya wuce da ƙarfin gwiwa alhali ya kauce. Gyara abu ɗaya, nemo mutum na huɗu. Sannan ka ɗauki babin farko na labarin da kake rubutawa ka yi masa haka: kada ka tambayi mai karatu ko ya ji daɗi, tambaye shi wa ke magana a layi na goma, a wane gari ake, me jarumar take so. Amsoshin za su nuna maka inda ɗakin ke yoyo.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.